MUJALLUN ILMI DA AMANAR RUBUTU: SHARHI A KAN WANI BINCIKE NA MUJALLUN DA SUKA ƁACE

Gabatarwa

Shekaru kaɗan da suka wuce wani ɗalibi ya zo wurina yana neman wata maƙala da aka taɓa rubutawa a kan ɗaya daga cikin littattafaina. Na tuna da maƙalar sarai, domin wanda ya rubuta ta ya yi mini kaca-kaca a wasu wurare, ya kuma yaba mini a wasu, kuma na ƙaru da ita fiye da yadda na ƙaru da yabon abokai. Ta fito ne a mujallar wani sashe na wata jami'a a nan Arewa. Kofen da aka ba ni wani ya ara bai mayar ba, kamar dai yadda muka saba yi wa juna. Sai na ɗauki ɗalibin muka nufi sashen. Editan da ya fitar da wannan fitowar ya yi ritaya, sakataren da muka tarar bai taɓa jin labarinta ba, ɗakin karatun jami'ar kuwa yana da fitowa ta biyu da ta biyar, amma babu ta uku wadda muke nema. Daga ƙarshe aka buɗe mana wani sito, muka tarar da ƙunshin mujallu jibge a ƙasa, gara ta ci rabi, yoyon rufi ya manne sauran. Aka ce mu duba intanet, ai an taɓa ɗora su a can. Muka duba, sai muka tarar adireshin ya mutu tun ranar da kuɗin hayarsa ya ƙare. Haka ɗalibin nan ya rubuta kundinsa ba tare da ya ga maƙalar ba, ya dogara da abin da na iya tunawa, ni kuwa da aka soka a cikinta ba ni ne ya kamata in zama mai ba da shaida a kanta ba.

Wannan abu ne ya sa na nemi wani bincike da na ji ana ambato, na zauna na karanta shi, na kuma ga ya dace in kawo wa 'yan'uwa marubuta sharhi a kansa. Mai karatu na iya cewa, ina ruwan mai rubuta ƙagaggen labari ko waƙa da mujallun malaman jami'a? Amsar ita ce, a cikin waɗannan mujallu ne ake auna ayyukanmu, a nan ake rubuta tarihin adabinmu, kuma daga nan ne ɗaliban gobe za su san wane ne ya rubuta me, da kuma abin da aka ce a kansa.

Abin Da Binciken Ya Ƙunsa

Sunan binciken Open Is Not Forever, wato buɗe wa jama'a mujalla kyauta ba shi ne tabbacin ɗorewarta ba. Mutum uku ne suka gudanar da shi: Mikael Laakso daga ƙasar Finland, da Lisa Matthias da Najko Jahn daga Jamus. Sun fara fitar da shi a 2020, sannan aka buga shi a mujallar JASIST a 2021. Tambayar da suka ɗora aikinsu a kai mai sauƙi ce: mujallun ilmi nawa ne, daga cikin waɗanda ake karantawa kyauta a intanet, suka ɓace gaba ɗaya?

Hanyar da suka bi ita ce, suka tattara tsofaffin jerin sunayen mujallu daga manyan kundayen rajista irin su DOAJ da Ulrichsweb da Scopus, suka gwama su da sababbi, suka ware mujallun da sunansu ya fita. Daga nan suka bi kowace ɗaya suna neman ta. Wadda suka tarar babu ita a shafinta, kuma babu wata taska da ta adana ta gaba ɗaya, sai su duba taskar nan ta Internet Archive mai ɗaukar hoton shafukan intanet, domin su tabbatar lallai ta taɓa wanzuwa, su kuma gano lokacin da aka yi mata gani na ƙarshe. Sakamakon da suka samu shi ne mujallu 174 sun ɓace tsakanin 2000 da 2019. Ban da waɗannan, sun ƙirga wasu kimanin 900 da suka daina fitowa, waɗanda ke cikin haɗarin bin sahu. Abin da ya fi shafar mu kuwa shi ne, fiye da rabin mujallun da suka ɓace na fannin nazarin zamantakewa ne da harshe da adabi da tarihi da makamantansu, kuma da yawa daga cikinsu jami'o'i ne da ƙungiyoyin masana ke fitar da su, wato dai irin mujallunmu.

Inda Binciken Ya Yi Kyau

Abu na farko da ya kamata a yaba wa masu binciken shi ne sun rushe wani zato da ya daɗe a zukatan mutane, cewa abin da ya shiga intanet ya shiga ke nan har abada. Sun nuna cewa mujallar intanet ma tana iya mutuwa ta ɓace gaba ɗaya. Ta takarda in an buga kofe 500 an rarraba, ko maɗaba'ar ta rushe, kofen suna nan a hannun mutane. Ta intanet kuwa sau da yawa a kan na'ura ɗaya take zaune, ranar da aka kasa biyan kuɗin haya, ko wanda ke riƙe da kalmar sirri ya bar aiki, ko jami'a ta sake fasalin shafinta, shi ke nan an yi jana'izarta ba tare da kowa ya ji ba.

Abu na biyu shi ne sun yi aikin a fili. Sun bayyana hanyar da suka bi, sun ajiye jerin mujallun inda kowa zai iya dubawa, sun kuma yarda da kansu cewa adadin gaskiya na iya fin abin da suka samu. Wannan ita ce ɗa'ar mai bincike, ya nuna wa mai karatu inda ƙafarsa ta taka da inda ba ta kai ba. Kuma bayansu an sami wanda ya ƙarfafa maganarsu. A 2024 Martin Eve na Jami'ar Landan ya ɗauki maƙalu fiye da miliyan 7 masu lambar shaida ta DOI, ya neme su a manyan taskokin adanawa, ya tarar kusan kashi 28 cikin 100, wato sama da miliyan 2, babu su a ko ɗaya. Ashe lambar shaida ma ba ta hana maƙala ɓacewa, alama ce kawai mai nuna hanya, in gidan ya rushe sai ta nuna kango.

In aka ɗora wannan a kan tarihi sai abin ya ƙara ba da mamaki. Mujallar Philosophical Transactions ta fara fitowa a Landan a 1665, kuma yau mutum na zaune a Kano ko Damagaram zai iya buɗe fitowarta ta farko ya karanta. Amma maƙalar da aka buga a garinsu shekara 20 da suka wuce sai ta gagare shi samu.

Inda Binciken Ya Gaza

Duk da wannan yabo, ina da ƙorafi guda biyu a kan aikin.

Na farko, ma'aunin da aka yi amfani da shi ba ya ganin mu. Mujalla ba ta shiga lissafin waɗanda suka ɓace sai in ta taɓa shiga rajistar DOAJ ko Scopus ko Ulrichsweb. To mujallun sassan Hausa da na harsunan Nijeriya, da na kwalejojin ilmi, da na ƙungiyoyin nazari, nawa ne daga cikinsu suka taɓa shiga waɗannan kundaye? Wanda ba a rubuta haihuwarsa ba, ba za a rubuta mutuwarsa ba. Saboda haka adadin 174 ya fi bayyana halin ƙasashen da ke da rajista mai kyau. Namu asarar tana faruwa ne a wajen lissafi. Bugu da ƙari, binciken ya tsaya ga mujallun intanet kaɗai, alhali mu matsalarmu mai hawa biyu ce: na takarda gara na ci, na intanet kuɗin haya na kashewa. Ba laifin masu binciken ba ne da suka taƙaita fagensu, amma laifi ne a gare mu in muka karanta adadinsu muka ce ashe abin bai kai yadda ake faɗa ba.

Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina, binciken ya ɗauki adanawa a matsayin matsalar na'ura da kuɗi, bai tsaya sosai a kan dangantakarta da ɗa'ar wallafa ba. Ya tambayi ko mujalla tana nan ko ta ɓace, bai tambayi me ke cikinta ba, da kuma wa ke cin ribar ɓacewarta. A ganina waɗannan abubuwa biyu amana ɗaya ce. Edita da ya karɓi maƙala ya ɗauki alkawari biyu: cewa abin da ya buga an tantance shi da gaskiya, da kuma cewa zai kasance a inda za a same shi a gobe. In ɗaya ya karye, ɗayan ba ya tsayuwa. Bari mu duba dalili.

Ɗa'ar Wallafa Da Masu Cin Amanarta

Abin da ya bambanta mujallar ilmi da jarida shi ne tantancewa. Marubuci ya aiko da maƙala, edita ya miƙa ta ga masana biyu ko uku na wannan fanni, yawanci ba tare da an bayyana musu juna ba, su duba hujjojinta, su ce a buga, ko a gyara, ko a mayar wa mai ita. A 1997 wasu editocin mujallun likitanci a Ingila suka kafa kwamitin COPE domin shimfiɗa ƙa'idojin wannan aiki: wa ya cancanci a sa sunansa a kan maƙala, me za a yi in an kama satar fasaha, yaya ake gyara kuskure, yaya ake janye maƙala in ta tabbata ƙarya ce.

Da aka koma tsarin da marubuci ne ke biyan kuɗin bugu domin mai karatu ya samu kyauta, sai bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Aka sami mujallun da ba abin da suke tantancewa sai rasidin banki. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka mai suna Jeffrey Beall ya yi suna wajen tattara jerin irin waɗannan mujallu, har zuwa watan Janairun 2017 lokacin da ya rufe jerin. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar bogi a kan wani sinadari wai mai maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da ɗalibin aji ɗaya zai gane, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. A 2015 kuma Cenyu Shen da Bo-Christer Björk suka ƙiyasta cewa maƙalun da irin waɗannan mujallu ke bugawa sun tashi daga kimanin 53,000 a 2010 zuwa kimanin 420,000 a 2014, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da marubutansu suka fi yawa a ciki. A 2019 wata kotu a Amurka ta yanke wa kamfanin OMICS na Indiya hukuncin biyan sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta.

A nan ma akwai abin sharhi. Bohannon ya ƙirƙiro wa maƙalarsa sunayen marubuta da cibiyoyi masu kama da na Afirka, kuma bai gwada tarkonsa a kan mujallun da ake saye da kuɗi ba, don haka ba a san ko su ma da sun faɗa ba. Shi ma jerin Beall an zarge shi da saurin shafa wa mujallun ƙasashe matalauta baƙin fenti, ba tare da bambanta ɗan damfara da mai ƙaramin ƙarfi ba. Kuma lokaci ya nuna cewa cutar ba ta san mai kuɗi ba: a 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 8,000 daga mujallun Hindawi, kamfanin da Wiley, ɗaya daga cikin manyan maɗaba'un duniya, ya saya a 2021. Saboda haka ba daidai ba ne a ce lalacewar tamu ce mu kaɗai. Amma kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mu duba namu gida. Kowa ya san ƙarin girman malamin jami'a ya rataya ne a kan yawan maƙalun da ya buga, kuma sau da yawa ƙirgawa ake yi, ba karantawa ba. Daga nan ne ake samun mujallar da ke fitowa sau ɗaya gab da lokacin ƙarin girma, a buga kofe kaɗan daidai da yawan waɗanda suka biya, kowa ya ɗauki nasa ya sa a fayil, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarta. Daga nan ne ake samun maƙala ɗaya a mujallu uku da take uku. Na taɓa ganin babi guda na kundin wani ɗalibi ya fito a mujalla, sunan malaminsa a gaba, na wani abokin malamin a tsakiya, na ɗalibin a ƙarshe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na kuma taɓa karanta nazari a kan wani littafi wanda ya nuna ƙarara mai nazarin bai wuce bangon baya ba, domin ya kashe tauraron da marubucin bai kashe ba. Da an yi tantancewa ta gaskiya da wannan bai wuce ba.

Inda Adanawa Da Ɗa'a Suka Haɗu

A 1998 mujallar The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da abokan aikinsa, wadda ta dogara da yara 12 kacal, ta jefa zargin alaƙa tsakanin wata allurar rigakafi da wata lalurar ƙwaƙwalwa ta yara. Maƙalar ta tsorata iyaye, da yawa suka ƙi kai 'ya'yansu rigakafi. Bincike ya biyo baya, aka gano an yi maguɗi, a 2010 mujallar ta janye maƙalar, hukumar likitocin Birtaniya kuma ta soke sunan Wakefield daga rajista. Abin lura a nan shi ne ba a goge maƙalar ba. Tana nan a taskar mujallar, an buga mata hatimin janyewa a kan shafukanta, tare da bayanin dalili. Wannan ita ce ƙa'ida: ba a share kuskure daga tarihi, ana yi masa alama ne domin na baya ya gani.

To a ce mujallar ta ɓace a 2003, da wa zai janye maƙalar? A ina za a buga hatimin? Kofen da mutane suka riga suka ɗauka za su ci gaba da yawo babu alama, ƙarya ta rayu, gyaranta ya rasa wurin zama. Haka kuma ɓarawon fasaha ba shi da babban aboki kamar mujallar da ta ɓace. In asalin ya salwanta, wa zai ɗauko shi ya ajiye kusa da na sata ya ce ku duba? Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai in akwai wanda ya ajiye gaskiyar da za a gwada da ita. Shi kuwa editan da ya san bayan shekara biyar ba mai iya samun abin da ya buga, me zai sa ya wahalar da kansa wajen tantancewa? Wannan ne ya sa na ce rashin adanawa yana haifar da rashin ɗa'a, rashin ɗa'a kuma yana son rashin adanawa. Nan ne binciken Laakso da abokansa ya tsaya bai ƙarasa ba.

Abin Da Ya Shafe Mu Marubuta

Mu ɗauki misali ɗaya da kowa a cikinmu ya sani. A shekarun 1990 an yi zazzafar muhawara a kan littattafan da wasu suka kira Adabin Kasuwar Kano, wasu suka kira littattafan soyayya. Ibrahim Malumfashi da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu da wasu da dama sun yi ta musayar alƙalami a jaridu da mujallu da tarukan ƙara wa juna ilmi. A daidai wannan zamani Brian Larkin ya buga maƙalarsa a kan finafinan Indiya da littattafan soyayya na Hausa a mujallar Africa a 1997, Novian Whitsitt kuma ya buga tasa a kan littattafan Balaraba Ramat Yakubu a mujallar Research in African Literatures a 2002. Yau ɗalibi a ko'ina cikin duniya zai sami maƙalun Larkin da Whitsitt cikin minti kaɗan, domin taskar JSTOR, wadda aka kafa a 1995, ta adana mujallun da suka fito a ciki. Amma wanda ke son ya bi muhawarar gida daki-daki sai ya sha yawo, ya roƙi wannan ya roƙi wancan. Sakamakon haka shi ne, tarihin adabinmu za a rubuta shi ne da abin da aka iya samu, muryar baƙo ta fito sarai, ta 'yan gida ta dusashe. Ba laifin baƙon ba ne. Shi ya ajiye nasa inda ya dace.

Hatta jerin littattafan kansu, aikin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka yi na tattara sunayen ƙagaggun labaran Hausa na 1987 zuwa 2002, a Jamus aka buga shi a 2004, kuma tarin littattafan da ya dogara da su a Landan yake. Mu gode musu, sannan mu tambayi kanmu.

Abin takaicin shi ne ba baƙi ba ne mu a wannan fage. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun kai gare mu bayan kusan shekara 200 ba tare da maɗaba'a ba, saboda ɗalibai sun yi ta kwafa da hannu, kofe ya bazu gari-gari, malamai suna gwama wannan da wancan suna gyara kuren mai kwafa, ana kuma kiyaye sunan mawallafi. Da irin wannan ajiya, musamman ta gidan Waziri Junaidu a Sakkwato, Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukan Nana Asma'u a 1997. To wannan dabara ce dai aka mayar cikin na'ura a Jami'ar Stanford a 1999 da sunan LOCKSS, wanda ma'anarsa ita ce yawan kofe ke tsare abu. Ɗakunan karatu da yawa kowanne ya riƙe kofe, na'urorinsu suna gwama kofen lokaci-lokaci, wanda ya lalace a gyara shi daga sauran. Daga baya aka sami Portico a 2005, da CLOCKSS, waɗanda ke karɓar ajiya daga maɗaba'u su kulle, sai ranar da mujalla ta mutu su buɗe. Wanda ke ganin ajiya a wuri ɗaya ta isa, ya tuna gobarar ɗakin karatun Jami'ar Jos a 2016, da ta ɗakin karatun Jagger na Jami'ar Cape Town a 2021, inda tarin kayan nazarin Afirka ya ƙone.

Abin Yi

Ba na son in tsaya ga kuka, don haka ga shawarwari, kuma yawancinsu ba sa bukatar kuɗi mai yawa.

Ga editocin mujallu: dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai wallafa mai zaman kansa ya kai kofe 3 na duk abin da ya buga, gwamnatin jiha 10, ta tarayya 25. A cika wannan doka, a kuma nemi lambar ISSN a can. A aika da kofe ga ɗakunan karatu na jami'o'i da dama, da Gidan Arewa a Kaduna, kada a tsaya ga na gida kaɗai. Wanda ke fitar da mujallarsa a intanet ya sani manhajar OJS kyauta ce, kuma masu ita suna da taskar adanawa wadda ba a biyan ko kwabo. Akwai kuma AJOL, wadda tun 1998 take ɗauke da mujallun Afirka, ɗaruruwa daga cikinsu. Sannan kowace mujalla ta rubuta a fili yadda take tantancewa, nawa take karɓa, me take yi wa ɓarawon fasaha, da kuma inda take ajiya. Kada kalmar sirri da fayilolin mujalla su zauna a hannun mutum ɗaya.

Ga hukumomin jami'o'i da masu ba da tallafi irin su TETFund: maƙalar da ba a iya samun ta a wani ɗakin karatu ko taska bai kamata a ƙirga ta a ƙarin girma ba, mujallar da ba ta da tsarin ajiya kuma bai kamata ta sami tallafi ba. Ranar da aka yi haka, mujallun rana ɗaya za su mutu da kansu. Tsofaffin mujallu masu daraja irin su Harsunan Nijeriya da Kano Studies kuwa sun cancanci a tattara su daga fitowar farko, a ɗauki hotonsu, a ajiye a wurare da yawa.

Ga mu marubuta, musamman masu tasowa: in an yi nazari a kan aikinka, nemi kofe ka ajiye, ko da zaginka aka yi. In za ka aika da maƙala, tambayi wa zai tantance ta, a ina kuma za a same ta bayan shekara 10. Wanda ya yi maka alkawarin bugawa cikin kwana uku in ka biya, kuɗinka yake so. Kada ka yarda a sa sunanka a kan abin da ba ka rubuta ba, kada kuma ka yarda a ɗora wani a kan naka. Ƙungiyarmu ma ba ta tsira ba. Mu tambayi kanmu, akwai reshe ɗaya da ke da cikakken jerin wannan mujalla da ke hannun mai karatu, daga fitowar farko zuwa yau? In babu, to daga nan ya kamata mu fara. Kowane reshe ya naɗa mai kula da ajiya, a yi musayar kofe tsakanin rassa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

A taƙaice, binciken Laakso da Matthias da Jahn aiki ne mai kyau wanda ya cancanci kowane edita ya karanta. Ya tabbatar da hujja cewa mujallun ilmi na ɓacewa, ya kuma nuna irin waɗanda suka fi ɓacewa. Rauninsa shi ne ma'auninsa bai kai ga mujallunmu ba, kuma bai haɗa adanawa da ɗa'ar wallafa ba. Cike wannan giɓi ba aikinsu ba ne, namu ne. Ina kira ga ɗalibanmu na nazarin Hausa da na ilmin ɗakin karatu, wani ya ɗauki wannan a matsayin kundinsa: ya jera duk mujallun nazarin Hausa da aka taɓa fitarwa a Nijeriya da Nijar, fitowa nawa kowace ta yi, ina kuma ake samun kowace fitowa a yau. Ranar da aka yi wannan lissafi za mu san girman asararmu, mu kuma san abin da ya rage da za a iya cetowa.

Shi kuwa ɗalibin nan da na fara da labarinsa ya gama karatunsa, har ya zama malami. Maƙalar dai har yau ba mu same ta ba. In akwai mai karatun da ke da tsofaffin mujallu a akwati ko a kan kabad, ina roƙonsa ya kakkaɓe su, ya kai wa reshen ƙungiya mafi kusa da shi a ɗauki hotonsu kafin damina ta gaba.